Ƙofar da Baba Sakaya Bai Taɓa Kullewa Ba

Ina buɗe kantin maganina da sassafe, amma ban taɓa riga shi fitowa ba. Kafin in gama zuge ƙofar kanti, shi yana can tsallaken titi, ya jingine tsohon kekensa a jikin bishiyar bakin lambun hukuma, ya naɗe ƙafar wando, yana jan tiyo. Furanni yake fara ba ruwa, sai ciyawar gefe. Tsakiyar filin kuwa, inda ƙafafun yara suka cinye ciyawar har ya koma ƙasa tsurarta, nan ma sai ya yayyafa masa ruwa don ƙura ta kwanta. Daga nan ya ɗauki wani tsohon bokitin fenti ya bi filin a sunkuye, yana tsintar fasasshiyar kwalba, da ƙusa, da murfin lemo, da duk abin da zai iya yanka tafin ƙafa.

Na taɓa ɗaga murya na tsokane shi. "Baba, zinariya ce ta faɗi?"

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "'Yata, kasuwarki nake kashewa. Duk kwalbar da na tsinta, filasta ɗaya ba za ki sayar ba."

Wannan shi ne mai gadin lambun unguwarmu, wanda kowa ke kira Baba Sakaya. A watan nan ya ajiye aiki, bayan shekarun da jariran farkonsu yanzu su ne ke kawo nasu 'ya'yan. Ba a buga ganga ba, ba wanda ya zo da na'urar ɗaukar hoto. Ni kuwa bakina ba ya iya shiru, kuma yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Lambun ba wani babba ba ne. A matse yake tsakanin tashar bas, da bayan katangar wani asibiti, da sababbin benayen da suka tsiro mana kamar an shuka su. Amma shi kaɗai ya rage. Filin da mijina, Allah ya ji ƙansa, ya yi ƙwallo yana saurayi ya zama gidan mai. Wanda ke bayan makaranta ya zama jerin shaguna. To ina ake so yaro ɗan shekara sha biyar ya sa kansa? Ya girmi ɗakin uwarsa, bai kai zaman manya ba. Ya tsaya a gaban shago a ce ɓarawo ne, ya zauna a kan kwalbati a ce ɗan iska ne, ya shige ɗaki ya rungumi waya a ce yaran zamani ba su da kuzari. Haba jama'a! Abin nan yana ƙona mini rai, kuma ba na ɓoyewa.

Sunan Baba daga ƙofar lambun ya samo shi. Ƙofa ce ta ƙarfe mai ƙyaure biyu, koren fenti, da sarƙa. Tun farkon aikinsa aka ce masa ƙofa ta zauna a rufe, kada wurin ya koma hanyar babura da makiyayar akuyoyi. Ya ce to. Sai ya haɗa ƙyauren biyu, ya nannaɗe sarƙar a jikin ɗaya kawai. Daga nesa ka rantse a kulle take. In ka tura da yatsa ɗaya kuwa, sai ta buɗe maka salin-alin. Manya da yawa sun shekara suna wucewa suna zaton an kulle lambun. Yara kuwa, ba a daɗe ba kowa ya sani.

Na tambaye shi dalili wata rana da ya zo sayen man zafi. Ya ja kujerar da nake ajiye wa tsofaffi ya zauna, don Baba in ya fara bayani sai ka nemi wurin jingina.

"An ce in rufe, ba a ce in kulle ba," in ji shi. "Ƙofa iri uku ce, 'yata. In kika bar ta a hangame, kin ce wurin ba shi da mai shi, kowa ya yi abin da ya ga dama. In kika sa mata kwaɗo, kin ce wa yaro ba ki yarda da shi ba, shi kuwa sai ya haura katanga, kuma wanda ya shigo ta katanga ba ya jin kunyar kowa. Amma in kika sakaya, kin ce akwai mai gida a ciki, shigo da sallama. Akuya ba ta iya tura ƙofa ba. Ɗan mutum ya iya."

Dokarsa ɗaya ce tak, kuma ba a rubuce take ba: na ƙarshe ya sakaya. Da rana ta yi ja, sai ya buga wani tsohon ƙarfen mota da ya rataye a reshe, kowa ya kwashi takalminsa. Duk wanda ya fita a ƙarshe, shi zai haɗa ƙyauren ya gyara sarƙar. Har tsere suke yi, ba don gudun aikin ba, don kowa so yake ya zama shi ne. Na ga ƙattin samari suna daddagewa wajen ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, wai don a bar su a baya.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Baba yana da taurin kai kamar ƙusar da yake tsinta. Bai san dokar ƙwallo ba ko ta sisin kwabo, duk abin da ya faru a fili shi a wurinsa fanareti ne, kuma ba ya yarda ya yi kuskure. Matarsa ta ce mini ba ta taɓa wanke rigarsa ba sai ta zazzage ƙusoshi da murafu daga aljihu, ta yi magana har ta gaji. Amma abin da mutane suka gani da idonsu ya fi ƙarfin waɗannan.

Mai facin da ke kusa da tashar bas ya ba ni labarin ranar da samarin layi biyu suka tashi ba hammata iska a kan wa zai fara wasa. Har an fara cire riguna. Ya ce shi ya riga ya ɗauki ƙarfen taya zai je rabo, sai ya ga Baba ya taka a hankali ya ɗauke ƙwallon, ya kai tsakiyar fili ya zauna a kanta, ya ciro ɗan rediyonsa ya kunna.

"Ku ci gaba," in ji Baba. "In kun gama ku tashe ni. Ni dai na samu kujera."

Mai faci ya ce wani daga baya ne ya fara tuntsurewa da dariya, shi ke nan faɗa ya mutu. A ranar nan, layin biyu a cakuɗe suka buga, Baba ne ya raba su, dogo da gajere, dogo da gajere.

Nawa labarin kuwa na 'yata ne. Bayan rasuwar babanta yarinyar nan ta shige ɗaki ta ƙi fita. Daga makaranta sai gado, magana sai na ja ta da ƙyar. Ina sayar wa mutane magani, nawa ciwon na rasa maganinsa. Wata rana na tilasta mata ta zo ta taya ni zama a kanti. Baba ya hango ta, ya tsallako.

"Jikata, zo ki riƙe mini bakin igiyar nan, hannuna ba ya kaiwa."

Ƙarya yake yi, hannunsa yana kaiwa sarai. Igiya ya ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu a kusurwar da ke bayan famfo, ya ce nan na 'yan mata ne, su yi ƙwallon raga. Da farko su uku ne. Samari suka fara kutsawa suna yi musu tsiya. Baba bai yi faɗa ba. Duk ranar da namiji ya tsallaka kusurwar nan, sai filin maza ya kama jin ƙishirwa, Baba ya ja tiyo ya tsaya a tsakiya yana ba shi ruwa har ya zama taɓo. Ba a yi haka sau da yawa ba samarin da kansu suka koma masu tsaron iyaka. Ranar da na jiyo muryar 'yata daga tsallaken titi tana ihu tana gardamar maki, na shige bayan kanta na yi kuka na ƙoshi.

Baba, kai ne ka ga abin da ni uwarta na rasa yadda zan yi da shi, ba ka tambaye ni komai ba, ka ɗaura igiya. Kai ne uban 'ya'yan mutane. Ba ka taɓa tambayar yaro ɗan wane ne ba kafin ya shiga, sai dai ka tambaye shi ko ya ci abinci.

Bara ne abin ya zo da gardama. Hukuma ta gyara lambun, ta sa kujerun siminti da fitilu masu aiki da hasken rana, dogaye, masu farin gilashi. Aka kuma kawo sabon shugaban sashen lambuna. Mutum ne mai natsuwa, ba zan ci zalinsa ba. Wasu daga cikin mazauna benaye sun kai masa ƙara cewa hayaniyar yara ta hana su sakat, shi kuma yana tsoron kayan da aka kashe wa dukiya. Ya zo da kansa da sabon kwaɗo mai ƙyalli. A bakin titi ya tarar da Baba, dab da kantina, don haka a kunnena aka yi.

"Baba, daga yau za a riƙa kullewa. Sai ranar hutu a buɗe wa iyalai."

"Yallaɓai, kwaɗo ɗaya na sani a lambun nan, yana gindin famfo, kuma ba ya hana kowa shiga."

Shugaban ya yi murmushi, amma bai janye ba. "In aka lalata fitilun nan, ni za a tambaya. Wa zai ɗauki alhaki?"

"Ni."

"Da me?"

"Da aikina. In yaran nan suka ɓata wani abu, ka kore ni, ka sa kwaɗonka. Ba zan ce uffan ba."

Shugaban ya dube shi, ya mayar da kwaɗon aljihu ya ce ya ji. Motarsa na tashi na fito kamar zan ci babu.

"Baba, kana cikin hankalinka kuwa? Shekara ɗaya ta rage maka ka tafi da mutuncinka. Bayan duk wahalar nan, so kake a sallame ka kamar wanda ya yi sata, a kan 'ya'yan wasu?"

"Ciki har da taki," in ji shi. "Magana zarar bunu ce, 'yata, ta riga ta fita."

Bai gaya wa yaran ba. Ni na gaya musu, kuma ban rage komai ba. Na ce duk wanda ya karya ko reshen fure, tuwon tsohon nan ya zubar. Watanni suka shuɗe lafiya ƙalau. Sai ƙafar Baba ta kumbura, ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa, aka kwantar da shi a asibitin da ke bayan lambun. Ba a turo wani a madadinsa ba. Na ce shi ke nan, yau ake yin ta.

Abin da na gani daga bakin kantina ya ba ni mamaki. Da safe kafin makaranta sai ka ga yara biyu sun zo sun ja tiyo. Da yamma kafin a fara wasa sai su jeru su bi filin a sunkuye da bokitin fenti. Da rana ta yi ja wani ya buga ƙarfen, na ƙarshe ya sakaya. Ba wanda ya sa su.

Sai wata la'asar na ji tas! Bayanta kuma shiru, irin shirun da ban taɓa ji daga lambun nan ba. Wani yaro da suke kira Bahago, dogo, ɗan wata mai wanki, ya narka ƙwallo da ƙafar hagu ta tashi sama ta tarwatsa gilashin fitila ɗaya. Ba a jima ba suka cika mini kanti, fuska duk ta yi fari.

"Anti, yaya za mu yi?"

Wani ya ce a ce iska ce. Wani ya ce a ce wasu baƙi ne daga wata unguwa. Na ce ba ni ce mai lambu ba, mu je wurin mai shi. Na rufe kanti na ja uku daga cikinsu muka zagaya asibiti.

Baba yana kwance, ƙafa a naɗe a kan filo. Ya saurare su har suka gama.

"Wani ya ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"Kun tsince gilashin?"

Suka dubi juna.

"To me kuke yi a nan? Ƙananan yara suna shiga ba takalmi. Ku je ku tsince, ko ƙwaya kada ku bari."

Da suka fita ya ce in kira masa ofis ya faɗa musu da bakinsa. Na ce Baba ka bari ka warke tukuna, wa ya sani ko ba za su lura ba. Ya ce in ya ɓoye yau, gobe da wane ido zai kalli yaron da ya yi masa ƙarya? Na kira, raina a ɓace. Aka ce shugaba zai zo da kansa washegari da yamma.

Ya zo kuwa, da kwaɗon nan a hannunsa, ina ganin ƙyallinsa daga inda nake. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ƙyaure a haɗe, sarƙa a nannaɗe. Bai taɓa shiga lambun ba sai a ranar bikin buɗe shi bayan gyara, lokacin ƙofa a wangale take. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya juya ya ce wa direbansa ya tambayo wa ke riƙe da makulli. Direban bai kai ga tsallakowa ba sai ga 'yata da ƙwallo a hammata. Ta rusuna ta gaishe shi, ta sa kafaɗa ta tura ƙofar, ta shiga, ta riƙe masa ƙyaure.

"Bismillah, Kawu. In ka shigo ka sakaya, saboda akuyoyi."

Mutumin ya tsaya yana kallon sarƙar, sannan ya kalli kwaɗon hannunsa. Na bar kanti a buɗe na bi bayansu, don ba za a yi wannan ba ni ba.

Yaran duk suna ciki, maza da mata, ba mai wasa. Fili a share, furanni a jiƙe. A kan kujerar Baba an ajiye bokitin fenti, gilashin yana ciki har ɓurɓushinsa. Bahago ya fito gaba.

"Ni ne, yallaɓai. Ba da gangan ba ne. In kora ce, ni za a kora daga lambun, ba zan sake shigowa ba. Baba yana kwance, ba ya nan ma aka yi."

Shugaban ya zagaya lambun, ya taɓa ƙasar gindin fure, ya duba sauran fitilun, ya tsaya a kusurwar 'yan mata ya ja igiyar ya sake ta. Sannan ya dawo ya ce yana da lambuna da dama a hannunsa, duk da kwaɗo a ƙofarsu, kuma a wasu an tsinke fitilun har da wayoyinsu ta kan katanga. Ya ce a duk cikinsu bai taɓa samun wanda ya tsaya a gabansa ya ce ni ne ba.

"Baba cewa ya yi in kun ɓata. Wannan ba ɓarna ba ce, tsautsayi ne. Laifinmu ne ma da muka kafa gilashi a bakin raga. Za a sa wa fitilun kejin waya. Kai mai ƙafar hagu, ranar da za a zo aikin kai za ka riƙe tsani."

Bahago ya durƙushe a wurin ya rufe fuska da riga. Shugaban ya sallami kowa, yaran suka fita suna waige, shi ya fito a bayansu ya nufi mota yana magana da direba. Sai muryoyi suka tashi gaba ɗaya.

"Yallaɓai! Na ƙarshe!"

Ya tsaya, ya yi dariya har da dafa mota, ya dawo ya haɗa ƙyauren da hannunsa, ya gyara sarƙar. Daga nan ya tsallako kantina ya sayi maganin ciwon kai, ya tafi ya bar kwaɗon a kan kanta. Bai dawo nemansa ba, ni ma ban aika masa ba.

Baba ya warke ya ƙarasa shekararsa, yana ɗan ɗingishi. Ranar da ya ajiye aiki ya yi komai yadda ya saba, ya ba furanni ruwa, ya tsinci ƙusa, ya nuna wa sabon mai gadi yadda ake nannaɗe sarƙa a ƙyaure ɗaya. Da yamma lambun ya cika. Akwai direbobi, da malaman makaranta, da wata ma'aikaciyar jinya, duk waɗanda suka taɓa goge gwiwa a filin nan. Da ya buga ƙarfen, ba wanda ya tsaya ɗaure takalmi. Kowa ya fita da sauri suka jeru a bakin titi, suka bar shi shi kaɗai a ciki da kekensa. Ya fito a hankali, ya haɗa ƙyauren, ya daɗe hannunsa yana kan ƙarfen ƙofar. Ban ga fuskarsa ba, don nawa idon ya cika.

Mun gode, Baba. Kai ne ka jingina abincin bakinka a kan yaran da ba kai ka haifa ba, a lokacin da mu iyayensu muke shakkar su. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ƙafar nan lafiya, ya sa ka ga irin wannan a kan jikokinka.

Ku kuma masu karatu, ba kowa ne mai gadin lambu ba, na sani. Amma wani yana da harabar makaranta da ke kwana a kulle tun daga tashi, wani yana da fili a bayan shago, wani inuwar ƙofar gida ce kawai. Kafin ku saya mata kwaɗo, ku gwada sakayawa, ku zauna kusa, ku koyi sunayen yaran. Za a fasa gilashi, ba na yi muku alkawarin ba za a fasa ba. Amma za ku samu wanda zai ce ni ne.

Da na gaya wa Baba zan rubuta wannan, ya ɓata fuska ya ce shi ba ya son tallar kai, in ya zama dole to in sakaya sunansa. Na sakaya, Baba. Amma ban kulle ba. Duk yaron da ya taɓa wasa a filin nan, turawa ɗaya zai yi ya same ka a ciki.